Yadda Surukina Ya Raka Ni Yamai Aikin Ƙirji

Mun shiga Maraɗi da hantsi, ni da surukina, kowa a kan babur ɗinsa. Ɗan kabu-kabun farko ya rantse zai iya ɗaukar mu mu biyu har da jaka, na ce a'a, a kira wani. Ba zan iya zama ƙirjina yana gogar bayan mahaifin matata ba. Kuma ƙirjin nan shi ne ya raba mu da gida.

Sunana Hamisu, tela ne ni, haifaffen Karare ta ƙasar Batsari. A shekarun da ɓarayin daji suka hana mu gonakin nesa, hatsi ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, na kwashi iyalina da keken ɗinkina muka koma cikin Batsari. Ina ɗinki a bakin kasuwa, ina ɗan noma abin da ya samu a bayan gari. Amma matsalata ta girmi wannan duka. Tun ina ɗan shekara sha huɗu nonuwana suka taso kamar na budurwa. Manya suka ce balaga ce, zai baje. Bai baje ba. Na daina wanka a rafi, na daina kokawa, ko huɗa nake yi da tsakar rana riga na jikina. Da hannuna ya faɗa a ɗinki, abin da na fara yi wa kaina shi ne wata 'yar ciki mai ninki biyu da maɓallai a gefe, wadda ke danne ƙirjin har numfashi ya riƙa yi mini wuya. Shekara ashirin ina cikinta, in wata ta mutu in ɗinka wata.

Rabi, matata, ta sani tun satin aurenmu, kuma ba ta taɓa yi mini dariya ba ko da wasa. Ita ce ta fara lura na hagun ya yi tauri, ina yamutsa fuska duk lokacin da 'yarmu Ummi ta jingina da ni. Na je wani asibiti a birni, likita ya duba ya ce sai an yi aiki. Aka sa rana, aka ɗaga. Aka sake sawa, ranar ta zo hanya ba ta biyuwa. A karo na uku na hangi wata ma'aikaciya 'yar unguwarmu tsaye a ƙofar ɗakin, na juya ban shiga ba. Rabi ta ga ina ramewa, ta gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyarta ta gaya wa Baba Isiya.

Baba Isiya mutumin Safana ne, tsohon direban babbar mota. Ya yi shekaru yana jigilar wake da albasa tsakanin ƙasarmu da Nijar kafin idonsa ya fara rauni ya ajiye. Rabi ce 'yarsa ta fari, don haka ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "yarinyar nan". Shekara goma sha ɗaya da auren, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In na je gaisuwa, daga can bakin zaure nake durƙusawa. Ranar da ya aika a kira ni, maganar ba ta yi tsawo ba.

"Malam Hamisu, yarinyar nan ta ce ba ka da lafiya."

"Da sauƙi, Baba."

"Ban tambaye ka sauƙi ba. An ce kunyar idon sani ke hana ka magani. To akwai ƙasar da ba wanda ya san ka, ni kuma na san hanyarta. Ka shirya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ba a yi wa suruki gardama.

Shi nufinsa mu wuce Yamai kai tsaye. Ni ne na roƙa mu tsaya Maraɗi, domin na daɗe ina sauraron wani mutum da ke tura murya ta waya, yana cewa yana narkar da nonon maza da allura ɗaya, ba yanka ba ɗinki. Ni da nake yanka yadi kullum, babu abin da nake tsoro irin a ɗora mini wuƙa.

Muka same shi a wani ɗaki bayan shagon sayar da magani. Ga farar riga, ga tabarau, ga baki mai zaƙi. Ya ce irina goma yake sallama kafin azahar. A bango akwai wata takarda cikin gilashi, rubutun Faransanci da babban hatimi. Baba ya tsaya a gabanta ya daɗe yana kallo, ya matsa kusa saboda idonsa. Da muka fito don in yi shawara, sai ya ce:

"Malam Hamisu, ni ban yi boko ba, amma takardar can na san ta. Irinta ake ba wanda ya gama makarantar koyon tuƙi. Har sitiyari na jikin hatimin. In direba muke nema, to mun samu."

Na ce to, Baba, na ji. Bakina ne ya ji. Da ya tafi tasha neman mana wuri a motar Yamai, ya bar ni tsaron jaka a rumfar wani mai shayi, sai na ce wa mai shayin ya duba mini kayan, na koma da sauri. Mutumin ya tsira mini allura a kowane gefe, wani ruwa mai kauri kamar man gyaɗa. Ya ce kwana uku zan nemi abin in rasa.

Ba a sami wuri ba sai a motar jibi. Washegari na tashi da zazzaɓi. Kafin azahar na hagun ya kumbura ya yi ja, yana bugawa kamar ana kiɗa a ciki. Na lallaɓa na koma wurin mutumin, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai shagon magani ya ce ai hayar sati biyu ya kama, ya tafi tun safe, bai ce ga inda ya nufa ba.

A sallar la'asar asirina ya tonu. Na kasa ɗaga hannun hagu in yi kabbara. Da muka sallame, Baba bai juyo ya dube ni ba, carbinsa kawai yake ja.

"Ka koma wurinsa ko?"

Na sunkuyar da kai.

Na ƙosa ya yi faɗan in huta. Sai ya ce, "Da na san tsoron ya kai haka, da ban bar ka kai kaɗai ba. Ni na yi sake."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mai shayin nan ya ji abin da ya faru, ya ce mu tafi likita yanzu lokotoro ya gan ni. Na kasa gane maganar, sai Baba ya ce a ƙasar nan asibiti shi ne likita, likita kuma shi ne lokotoro. Mai shayin ya rufe tukunyarsa, ya bar cinikinsa, ya kai mu wani ƙaramin asibitin unguwa. Wani dattijon ma'aikaci ya duba, ya girgiza kai, ya ba ni ƙwayoyin da za su riƙe ni, ya ce kada mu kuskura mu ƙara kwana biyu ba mu ga mai fiɗa ba.

Motar Yamai ta tashi da sassafe, wuni guda ake yi. Damina ta zauna, gero ya yi kore shar a dama da hagu. Abin da ya fi tsaya mini a rai tsakanin Madawa da Ƙonni shi ne mutanen da na riƙa hangowa suna noma can nesa da gari, mutum shi kaɗai da hauyarsa, ba ya waiwaye. Na tuna gonarmu ta gado a Karare, shekara uku ke nan ban taka ta ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ji shi a ƙirjina. Wata mata mai goyo da ke kujerar gefe ta ga ina cije leɓe, ba ta tambaye ni komai ba, ta kwance zanen da ta rufa wa jaririnta, ta ninke shi ta miƙo mini. Na rungume shi kamar matashi har muka wuce Dogondutsi.

Gaba kaɗan da nan ne aka tsayar da mu a wani shinge, aka ce kowa ya sauko da katinsa. Wani matashin jami'i yana bin maza ɗaya bayan ɗaya yana laluba su. Da ya zo kaina, hannunsa ya sauka kan 'yar cikin nan mai maɓallai, daidai wurin kumburin. Na yi ƙara ban sani ba. Ya ja da baya, ya yi magana da Faransanci, sannan ya juya Hausa.

"Mi ka ɗaure a nan? Ƙwaya ce? Tuɓe rigar."

Fasinjoji duk suna tsaye, maza da mata, har da mai goyon nan. Kowa ya zuba mini ido. Na kama bakin rigata. Abin da na ɓoye wa 'yan'uwan da muka fito ciki ɗaya, yau zan buɗe shi a bakin titi.

Sai na ji muryar Baba. Ya gaishe da jami'in da Zabarmanci, ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi gida, kamar a zaurensa suke. Sannan ya ce, "Ɗana ne, ba shi da lafiya, likita za mu. Dubawa aikinka ne, ba mu hana ka ba. Amma kai kaɗai za ka gani."

Ya cire babbar rigarsa, ya kama ta da hannu biyu ya ware ta ta zama labule. Ya juya mini baya, fuskarsa na kallon mutane. Dattijo mai furfura, daga shi sai singileti, siraran hannayensa a miƙe. Jami'in ya zagayo bayan rigar, na ɓalle maɓallan. Ya duba, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Subhanallahi. Yi haƙuri, ɗan'uwa, ban sani ba. Allah ya ba da lafiya." Ya taya ni mayar da rigar sama, ya ce in bar ta cikin a kwance kada ta ƙara mini ciwo. Kafin motar ta tashi ya aiko mini da ruwan leda mai sanyi ta taga.

Har muka wuce Doso ban iya ɗaga ido na dubi Baba ba. Kalmar nan "ɗana" ce ke ta yi mini yawo a kai. Bai ce surukina ba, bai ce mijin ɗiyata ba.

Mun isa Yamai rana na shirin faɗuwa a bayan kogin da ya ratsa garin. Baba ya ce kada in damu da masauki, yana da amini, Hasan bakanike, wanda ya yi shekaru yana gyara masa mota. Muka bi lunguna, yana nuna mini inda ake sauke albasa a da, yanzu duk benaye. Muka yi sallama a wani gida mai jar ƙofa. Wata dattijuwa ta fito, ta dube shi, ta dafe ƙirji ta kira sunansa. Suka yi magana da Zabarmanci. Ban ji yaren ba, amma na ga Baba ya nemi wani dutse a ƙofar gidan ya zauna, ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Hasan ya rasu shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya kai masa labari.

Matarsa, Inna Fati, ba ta da Hausa sai 'yar kaɗan. Ta share mana ɗakin zaure, ta shimfiɗa tabarma ɗaya, ta ce, "Gida ku ne." Na ɗauki sallayata na shimfiɗa a bakin ƙofa, na bar wa Baba tabarmar.

Da safe muka tafi asibiti. Bayan dogon layi aka kira ni, na shiga, na tarar lokotoron mace ce. Na tsaya cak a bakin ƙofa. Ta ɗago kai ta yi murmushi, ta yi mini magana da Hausar Damagaram. Ta tambayi sana'ata, na ce tela.

"To ai abokin sana'a ne. Ni ma yanka da ɗinki nake, sai dai nawa yadin yana numfashi. Zauna, Malam."

Ta duba ni a natse. Da na gaya mata batun allurar, ta ajiye biro ta dube ni sosai. Ta ce ba ta san abin da aka zuba mini ba, amma ya tara ruwa, kuma da na ƙara kwanaki da ya shiga jini. A ranar ta tsaga wurin kaɗan ta fitar da mugunyar. Sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da ba wanda ya taɓa yi mini. Ta ce kowane namiji yana da ɗan ƙullin nono a ƙarƙashin kan nononsa, in sinadaran jiki suka ɗan karkace, musamman lokacin balaga, sai ya girma. Ga wasu ya baje, ga wasu ya zauna. Wani lokaci magunguna ne ke kawo shi, ko ciwon hanta, shi ya sa za a auna jinina a yi mini hoto.

"Ba sammu ba ne, ba aljanu ba ne, kuma bai rage maka komai ba a zamanka namiji. Ba kai ne na farko da ya zauna a kujerar nan ba, ko a satin nan."

Na tambaye ta abin da ke cina tun a gida, ko ciwon daji ne. Ta ce ba ta zato, amma ba za ta rantse ba sai an cire an auna. Aikin kuma ba zai yiwu ba sai wurin allurar ya warke sarai. Sati shida.

Mu da muka fito da shirin kwana goma.

Waɗannan makonni su ne mafi tsawo a rayuwata. In na kira Rabi, sai ta ce komai lafiya, amma ina jin abin da take haɗiyewa. Ƙannenta sun zo daga Safana sun yi mini maimai a gona. Ɓarayi sun sake shiga wani ƙauye kusa da mu, mutanensa sun gudo sun cika makarantar firamare. Ummi ta karɓi wayar ta ce, "Baba, ɗinkin ne bai ƙare ba?" domin an gaya mata ɗinki na tafi yi. In na kashe wayar sai in zauna ina kallon bango. Na yi kewar tuwon gero da miyar kuka, na yi kewar hayaniyar kasuwar Batsari, har masu zuwa su tsaya mini a ka don ɗinkinsu bai ƙare ba na yi kewarsu.

Na ce wa Baba ya koma gida, ga gonarsa, ga iyali, ni zan iya jira.

Ya ce, "In koma in ce wa yarinyar nan mi? Na bar miki shi a bakin kogi?"

Bai sake bari na tayar da maganar ba. Kullum da safe sai ya tafi tashar manyan motoci. Akwai sauran tsofaffin da suka san shi, yana nuna wa samari yadda ake ɗaure kaya da yadda ake jin ciwon inji da kunne, ya dawo da burodi ko albasa a leda. Ni kuma na ga wani tsohon keken ɗinki a tsakar gidan an kife masa kwando. Na roƙi Inna Fati, na kwance shi, na wanke da kananzir, na sa masa mai. Kwana biyu ya fara kuka. Matan unguwa suka fara kawo faci da rage riga. Ba na jin yarensu, ba sa jin nawa, da yatsa muke ciniki. Kalma ɗaya na iya, "fofo", ita ce sannu, ita ce na gode, da ita na yi sati shida.

Matsalar da ta rage ita ce abinci. Inna Fati ba ta san al'adarmu ba, ko kuwa ta sani ta yi biris. Kwano ɗaya take aiko mana, dambu da zogale, wani lokaci shinkafa da kifin kogi. In an kawo sai in tashi in ba Baba wuri. Ya ɗan taɓa, ya fito ya ce, "Shiga ka ci, ni zan je in ga kogi." In na buɗe kwanon sai in ga kamar kaza ce ta tsattsaga gefe ɗaya, kifin kuwa yana nan yadda aka sa shi. Na lura wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Wata rana da azahar ana yayyafi ya ce zai je ganin kogi. Na bari ya fita, na bi bayansa. Ashe babu kogin da yake zuwa. Ga shi nan a bayan katanga, ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, ya takure, yayyafi na sauka a hularsa, yana jira in gama.

"Baba, ku shigo."

"Har ka gama?"

"Ban fara ba. In ba ku ci ba, ni ma ba zan ci ba. Lokotoro kuma ta ce in ban ci ba ciwon ba zai warke ba."

Ya dube ni ta ƙasan ido. "Kai, Malam Hamisu. Mutanen Safana su ji an ce na sa hannu kwano ɗaya da mijin ɗiyata?"

"Babu mutumin Safana a nan, Baba, sai ku."

Ya tashi yana gunaguni. Muka zauna, kwano a tsakiya, kowa yana kallon gefensa. Na ɗebi lomar farko. Ya tura kifin gabana da ɗan yatsa. Na bari ya kau da kai, na mayar gabansa. Ya sake turowa, na sake mayarwa. Sai ya ce, "Kifin nan in muka ci gaba da haka zai gaji ya koma ruwa." Dariya ta ƙwace mini har ciwon ya motsa. Ya raba shi biyu, ya ba ni wajen kan. Daga ranar tare muke ci. Da bakinsa ya buɗe kuwa, na sha labarai: yadda mota ta taɓa mutu musu kwana huɗu a daji shi da Hasan, yadda yana Doso da lodin wake aka haifi 'yarsa ta fari, bai gan ta ba sai ranar suna.

Gwaje-gwajen suka fito, hanta lafiya, jini lafiya. Wurin allurar ya kame. Aka sa ranar Talata da safe. Da aka kwantar da ni a gadon turawa, tsoron nan ya dawo mini gaba ɗaya. Baba ya biyo gadon har ƙofar da ba a wucewa. Ya dafa goshina ya yi addu'a, ya tofa, ya ce, "Ina nan inda ka bar ni."

Abin da na fara ji da na farfaɗo, kafin ma in iya buɗe ido, muryarsa ce a kaina yana waya, da ƙarfi kamar yadda tsofaffi ke yi.

"Rabi! Rabi, kina ji na? Ya tashi. Ga shi nan yana motsi. Rabi, daina kuka, na ce ya tashi."

Daga baya Rabi ta gaya mini da farko ta ɗauka wani ne ya karɓi wayar, domin tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba.

An naɗe mini ƙirji da bandeji, ga 'yan robobi biyu suna tsiyayar da ruwa. An hana ni ɗaga hannu. Baba ne ke ba ni kunu da cokali, yana hurawa. Shi ke yi mini alwala. Rana ta uku ya zo da bokiti da tsumma ya ce zai goge mini jiki. Na ce a bari sai na warke. Ya ce ɗakin nan ba mu kaɗai ba ne, a tausaya wa maƙwabta.

"In kunya kake ji, rufe idonka. Ni ma sai in rufe nawa."

"To Baba, wa zai ga inda ake gogewa?"

"Na wanke mota shekara talatin, ba sai na gani ba."

Na rufe idona. Hannunsa mai kaushi ne, amma ya bi gefen bandejin nan a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Hawaye suka zubo mini, ya goge su da tsumman tare da sauran.

Ranar da aka kwance bandejin, lokotoro ta miƙo mini madubi. Na daɗe ban ɗaga shi ba. Da na duba, sai na ga ƙirji shafe, irin na kowa, da tabo biyu kamar jinjirin wata. Na hagun ya ɗan tattare saboda ɓarnar allurar. Ta ce, "To tela, yaya ɗinkin?" Na ce hannu ya faɗa, ko ni ba zan fi haka ba. Bayan kwana goma sakamakon abin da aka cire ya dawo, ba daji ba ne. Baba ya yi sujada a nan barandar asibitin, mutane na ratsa shi.

Ta ce in riƙa ɗaura wata ɗamara har wata guda don fatar ta kwanta. Ta kuma nuna mini motsin da zan riƙa yi in lokaci ya yi: in fuskanci bango, yatsuna su riƙa hawa a hankali har hannun ya miƙe. Ta ce na hagun zai yi gardama saboda tabon, in na yi sakaci kafaɗar za ta riƙe. Ta dubi Baba ta ce shi ta ɗora wa amanar. Ya ce ya karɓa.

Kafin mu taso na ɗinka wa Inna Fati riga da zane. Ta raka mu har bakin titi tana share ido da mayafi, ta cusa mini ƙullin busasshen kifi ta ce, "Yarinya." Ummi take nufi.

Mun iso Batsari gero ya fara nuna. Baba bai yarda ya shiga gidana ba. A tasha ya tsaya, ya ce a nemo masa motar Safana. Ya gyara hularsa, ya ce, "To Malam Hamisu, mun dawo ƙasar da aka san mu. Kowa ya koma matsayinsa." Na durƙusa a nan cikin mutane na yi masa godiya, maganar ta ƙi fita yadda nake so. Ya ce, "Tashi, tashi, ana kallo. Ka gaida yarinyar nan."

Haka kuwa aka yi. Bayan sati uku na je Safana gaisuwa. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a bakin zaure inda na saba. Akwai baƙi biyu a wurinsa. Muka gaisa yadda aka san mu, ina gajiya, ina iyali, yaya amfanin gona, yaya mutanen Batsari, yana amsawa yana kallon gefe. Baƙin suka yi sallama suka tafi. Ya leƙa waje ya ga ba kowa, sannan ya sauke murya.

"Tashi. Ɗaga in gani."

Na miƙe tsaye a tsakiyar zauren na ɗaga hannuwana biyu sama. Daidai nan surukata ta fito da kwanon fura, ta tarar da ni tsaye hannu a sama gaban mijinta. Ta yi turus.

"Malam, lafiya? Mi ya sata?"

"Koma ciki, wannan maganar matafiya ce."

Ta ajiye furar ta koma tana waiwaye. Ya tashi, ya matso kusa saboda idonsa, ya dubi na dama, ya dubi na hagu.

"Na hagun bai kai ba. Ka yi wasa da bangon nan ko? Ƙara."

Na ƙara.